Igiyar Burtali da Yaya Ya Bari

Mai abu ya karɓi abinsa. Yaya ya rasu wata Talata da hantsi a asibiti a Funtuwa, bayan jinyar kwana huɗu kacal, kafin la'asar kuma mun kawo shi ƙauyenmu da ke bayan Dayi an yi masa sutura. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, yanzu saura ni. Na koyar a firamare har na yi ritaya, shi ya sa 'ya'yansa suka ɗora mini rubuta wani abu don kada a manta da shi. Na ce musu zan rubuta, amma kada su sa ran irin wanda ake karantawa a lasifika, domin ni na yi shekara biyu ba na gaishe da mutumin nan.

Jama'a kam sun zo. Manyan motoci sun yi layi har bakin masallacin Juma'a. 'Yan siyasa suka yi ta cewa an yi rashin uba, cikinsu har da waɗanda na san da hannunsu aka ture shi daga kujera, na dube su na ce amin kawai. Tsofaffin mata suka cika tsakar gida suna tambayar juna wa zai riƙa kai su asibiti yanzu. Wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur a Funtuwa, wanda Yaya ya taɓa tsaya masa lokacin da aka so tashinsa daga shago, ya rufe kasuwarsa ya zo ya zauna kan tabarma wuni guda. Matar Yaya kuwa ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Duk sanda na shiga ɗakin takabarta sai ta kama hannuna ta yi mini tambaya ɗaya.

"Malama, sun zo?"

Fulanin rugar da ke hayin kwari take nufi. Ba su zo ranar farko ba, ba su zo rana ta biyu ba. A da ko akuya ce ta mutu a gidan Yaya, ardo ne farkon mai sallama. Amma tunda ƙasar nan ta lalace da satar mutane, samarinmu suka fara gadi a bakin gari da bindigogi, Bafulatani ba ya shigowa haka kawai, mu ma ba ma haurawa. Ranar addu'ar uku mai unguwa ya tsaya a bakin zaure ya aika a kira ni. Ya ɗaga kai ya dubi gabas inda hadari ke haɗuwa, ya ce, "Malama, ga damina, mai igiya kuma ya tafi." Abin da ke raina ke nan tun a asibiti.

Bari in faɗi yadda igiya ta shigo maganar. Burtalinmu, wato hanyar da shanu ke bi su je mashaya, ya taso daga ruga ya bi gefen kwari ya gangara rafi. Gefe ɗaya kwari ne, ba ya motsi. Ɗaya gefen gonaki ne, su kuwa suna motsi, kowace shekara kunya ɗaya, kunya biyu, har hanyar ta zama sai shanu sun bi ɗaya bayan ɗaya. Inda ta fi matsewa shi ne wata kwana, daidai gonar da mahaifinmu ya bar mana, aka raba mana ita ni da Yaya.

Yaya malamin gona ne kafin siyasa. Da wani tsohon babur yake zagaya ƙauyuka yana koya wa mutane tazarar shuka da feshin auduga, kuma a wannan yawo ne ya ga gawar farko da aka yi a kan ɓarnar shanu. Bai taɓa ba ni labarinta dalla-dalla ba. Da mutane suka matsa masa ya tsaya takarar majalisar dokokin jiha, ya ci, kowa ya zaci taki da rijiyoyi da kujerun Makka za su fara sauka. Ya yi bakin ƙoƙarinsa a nan, ɗakin shan maganin garinmu da bakinsa aka samo shi. Amma abin da ya fara miƙewa ya nema a zauren majalisa shi ne a yi doka a auna burtalai a kafa musu alama. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Honarabul Burtali. Shi da kansa yake ba mu labari yana dariya, wai in ya miƙe zai yi magana sai ya ji wani daga baya yana kukan saniya ƙasa-ƙasa. Ƙudurin ya shiga kwamiti, wa'adi ya ƙare. Aka sake zaɓensa, ya sake kai shi, wa'adi ya sake ƙarewa. Ban san inda abin ya maƙale ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba.

Da ya ga takarda ba za ta zo ba, sai ya shiga kasuwar Funtuwa ya sayo igiya. Ya buɗe hannuwansa ya auna gaba goma sha biyar, ya ɗaure jan ƙyalle a kowane baki. Ya kira ardo da mai unguwa ya ce wannan ne faɗin burtali daga bakin kwari, in sun yarda. Suka yarda. Motar da ya samu a majalisa, wadda wasu ke goge irinta sau biyu a rana, tasa igiya ce a bayanta da damin cin-da-zugu, icen nan da shanu ba sa ci, wanda ake kafawa a iyaka.

Ya fara da gonarsa, igiya ta ci kunya huɗu. Sai ya tsallaka tawa. Ina aji ina koyar da lissafi ban san abin da ake ciki ba. Da na taso na biya ta gona, na tarar da layin cin-da-zugu a tsaye cikin ƙasata, kunya shida a waje. Kuma ba kowace shida ba, wajen da ya fi laima, inda masara ke yin goyo biyu. Kai, ranar idona ya rufe. Da alli a hannuna na faɗa gidansa, yana zaune da baƙi, ban ko gaishe su ba. Na ce masa mahaifinmu bai bar masa ni a cikin gado ba. Na ce in kujera ce ta hau masa kai ya je ya auna gonakin manyan da yake zama da su. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ya bari na gama, ya ce, "Ƙanwata, in ban fara da ke ba, wa zai yarda?" Na ce ai ya fara da ni ɗin, bai kuma tambaye ni ba. Na fita, ban sake taka gidan ba sai bayan shekara biyu.

A cikin waɗannan shekarun ne ya nemi zango na uku aka hana shi tikiti. Manoma suka yi ta yaɗa cewa ya sayar wa Fulani ƙasa. Na san ƙarya ce, ko ƙwaryar nono in an kawo masa sai ya rama da dawa. Amma na yi shiru, har a wani gidan biki na ce Allah ya ƙara. Wannan kalma tana cina har yau.

Sai maigidana ya rasu dab da faɗuwar damina. Ina cikin takaba, 'ya'yana ba su kai riƙe garma ba, na riga na sallama noman shekarar. Wata maƙwabciyata ta shigo ta ce ta ga shanun huɗar Yaya a gonata tun da sassafe, shi ne da kansa a bayan garma, tsohon ɗan majalisa, da wando naɗe zuwa gwiwa. Tasa gonar ko taɓa ta bai yi ba tukuna. Da na fita takaba ya zo ya zauna a zaurena, ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Ya ce ya yi kuskure da bai tambaye ni ba, in yafe masa. Har na fara share hawaye, sai ya ƙara da cewa amma fa kunyoyin ba zai mayar ba. Na yi dariya ina kuka. Haka yake, ba ya iya ba ka haƙuri ya bar shi ya huce.

Daga nan abin ya zama al'ada. Kashegarin ruwan shuka, duk mai gona a bakin burtali ba ya jefa iri sai igiya ta wuce. Ardo ya riƙe baki ɗaya a gefen kwari, mai unguwa ya ja ɗayan, Yaya ya biyo su ba takalmi yana kafa ice. Dole a sake kowace shekara, don da rani itatuwan kan tashi daga inda aka kafa su. Bai taɓa tambayar wanda ya tumɓuke ba. Sai ya tsaya a kan icen ya ce, "Wannan ya yi yawo, mu mayar da shi gida," mai gonar yana tsaye yana sosa ƙeya. In aka kawo masa ƙara, ko ta gona ko ta aure ko ta siyasa, tambayarsa ta farko ita ce, "Kun auna?" Jikokinsa har kwaikwayonsa suke yi.

Na ga amfanin abin da idona wata shekara da shanu suka shiga waken suyar wani maƙwabcinmu. Kafin azahar samari sun taru da makamai za su haura ruga. Yaya ya iso da igiya a kafaɗa yana haki, lokacin ciwon ƙafa ya fara kama shi. Ya ce ba wanda zai hana su tafiya, amma a auna tukuna. Aka auna. Ashe mai waken ya cinye gaba biyu na burtali, shanun kuma sun wuce wannan sun shiga halaliyarsa. Kowa ya ga nasa laifin kwance a ƙasa. Aka rabu a kan ardo zai kwantar da garkensa a gonar mutumin da rani ta sha taki. Samarin suka watse suna gunaguni, amma ba a zubar da jini ba.

To, wannan igiyar ce na gani ranar da ake kwance rumfar makoki. Ina wucewa sai idona ya faɗa kan jan ƙyalle yana reto a jikin turken rumfa. Na tsaya cak. Ashe ranar jana'iza iska ta taso tana ɗaga tamfol, aka yi ta kiran a kawo igiya. Matar babban ɗan Yaya, yarinyar kirki amma a Kaduna ta tashi, ta shiga ɗakinsa ta ga wata a rataye a ƙusa ta miƙo. Masu kafa rumfa kuma daga Malumfashi aka ɗauko su, suka sa wuƙa suka yi mata gida huɗu. Da aka gaya mata abin da ta miƙa, sai ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Ban iya yi mata faɗa ba. A idonta igiya ce kamar ta shanya.

Wani ya ce a sayo sabuwa a auna gaba goma sha biyar. Gabar wa? Yaya dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗakina, mai unguwa kuwa a kafaɗarsa yake tsayawa. Ma'aunin hannuwan Yaya ne, mun kuma binne su ranar Talata. Matar Yaya ta sa aka tattaro guntayen huɗu ta zuba mini a cinya. Ta ce ita tana takaba, 'ya'yanta gobe za su koma wuraren aikinsu, ni ce na fi kowa sanin abin da igiyar nan ta ci, in ɗaura ta.

Da yamma babban ɗana, wanda yake noma gonar yanzu, ya shigo ya tarar da su a kan tabarma. Ya ɗauki mafi gajarta ya gwada da hannunsa. Ya ce, "Inna, wannan gaba uku ne. Kunyoyinki shida ke nan." Ya ce in ɗaura uku in bar ɗaya. Kowa ya san an yanka ta, ba wanda zai ƙirga ƙulli. Duk mai gona a bakin burtali zai samu ƙari, don haka ba manomin da zai buɗe baki. Fulani kuwa, a yadda ake ciki yanzu, ko sun gane ba su isa su yi magana ba. Ya ce 'ya'yansa biyar, gona ba ta ƙaruwa, Kawu ya yi zamaninsa ya wuce.

Da ma in ce na kore shi. Ban kore shi ba. Na ɗauki guntun na tura ƙarƙashin katifa, ya kwana biyu a can. Shekara da shekaru ina wucewa ina kallon wajen nan mai laima shanu na tattaka shi, kuma gaskiya ban taɓa daina jin zafinsa ba, yafewa daban, mantawa daban. Kwana biyun nan abinci bai yi mini daɗi ba. Ina tashi in dubi gabas, ina zama in dubi katifa.

Rana ta shida bayan la'asar ruwa ya sauko, ruwan shuka sosai, har kwari ya yi ƙara. Da na idar da sallar asuba na shimfiɗa guntaye uku a tsakar gida na fara ɗauri. Ina cikin ƙulli na biyu sai kwanar nan ta gonata ta faɗo mini a rai. In hanyar ta ragu da gaba uku, garke ba zai iya karya kwanar ba sai ya taka shuka. Wanda zai tsaya a wurin ranar kuwa ɗana ne, kuma na san abin da yake ajiye a bayan ƙofarsa tunda aka fara gadi. Ba kirki ne ya tashe ni ba, kada wani ya yabe ni, tsoro ne. Na shiga ɗaki na ɗaga katifa.

Da na gama ƙulli uku sai malantar lissafi ta motsa. Ai ƙulli yana cin igiya. Na kwance ta shanya na gwada, na ga kowane ƙulli yana haɗiye kusan taƙi guda. Wato ko da duk guntayen, igiyar Yaya ta gajarce, kuma a kan Fulani gajartar za ta faɗa. Na rasa abin yi, ga gari yana wayewa. Na cire ɗankwalin da ke kaina na yage shi a tsaye, na murɗa, na ƙara a baki ɗaya, na mayar da jan ƙyallen a ƙarshensa. Da ido na kintata.

Na isa bakin burtali na tarar da mai unguwa da manoma da sungumi da ƙoƙunan iri, da samari huɗu rataye da bindigogi. Ɗana yana cikin manoman. Ya dubi igiyar, ya ƙirga ƙullin da ido, ya kau da kai. Ardo babu shi. Rana ta fito, ta ɗaga, ƙasa ta fara shan iska. Wani ya ce laima na wucewa, a shuka kawai, tunda masu shanun ba su damu ba. Mai unguwa ya ce a ƙara jira kaɗan, amma muryarsa ba ƙarfi. Ni dai ina riƙe da igiya ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Can sai ga mutum uku a hayin kwari. Biyu suka tsaya daga nesa, tsohon ya gangaro shi kaɗai yana dogara sanda, ya ratsa ruwan da ya rage. Samarin suka gyara tsayuwa, mai unguwa ya daka musu harara. Ardo ya zo gabana ya yi mini ta'aziyya. Ya ce rana ta biyu ya zo har bakin gari, ya hango bindigogi ya juya, a ruga suka yi wa Honarabul addu'a. Mai unguwa ya gaya masa abin da ya sami igiya. Ardo ya dubi ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ya dubi ɗankwalin. Ya sauke jakar fatar da ke kafaɗarsa ya zaro wata igiya a naɗe, da jan ƙyalle a kowane baki, nata ko koɗewa bai yi ba.

Ya ce ranar da Honarabul ya sayo igiya, doguwa ɗaya ya sayo ya raba biyu daidai, ya ba shi rabi ya ce ya ajiye, kada ya fito da ita sai ran da babu shi. Ko matarsa bai gaya wa ba, balle ni.

Aka shimfiɗa su a ƙasa gefe da gefe, daga bakin kwari zuwa cikin gonata. Manoma suka matso, samarin ma suka matso. Na kasa dubawa, na dubi ɗana, na ga shi ma ƙasa yake kallo. Ardo ya bi igiyoyin a hankali har ƙarshe, ya tsuguna ya ɗora yatsunsa.

"Malama, taku ta ɗara da yatsa huɗu. A naɗe wannan rarar."

Na ce a bar shi haka. Ba wanda ya miƙa hannu ga damin cin-da-zugu, kowa yana jiran mai kafawa kamar zai ɓullo daga wani wuri. Sai na cire takalmina na zari ɗaya na kafa a bakin ɗankwalin. Ƙasar ta yi mini tauri. Ɗana ya zo ya karɓa ya danna shi da ƙafa, bai dube ni ba, har yau kuma ba mu yi maganar ba.

Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Ardo ya tsufa, ni ma haka, dokar da Yaya ya yi shekara takwas yana nema har yanzu babu ita, bindigogin kuma suna nan a bakin gari. Ban san wa zai ja igiya baɗi ba. Abin da na sani, bana an auna. Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa makwanci fiye da yadda ya yalwata wa dabbobin da ba su san sunansa ba, ya yafe masa, ni ma ya yafe mini abin da na faɗa a gidan biki.

Da na dawo gida ban ko wanke ƙafa ba na wuce ɗakin takaba. Matar Yaya tana zaune inda na bar ta, da carbi a hannu. Ta ɗago ta kama hannuna.

"Malama, sun zo?"

Na ce, "Sun zo."

Sai a lokacin ta fashe da kuka.